Garin Ƙiba Daga Gidan Surukai

"Ke kinka lalata min jika, Ummulkhairi! Ba aljani ba, ba maye ba, ke da hannunki!"

Ko sallama Inna Dijatu ba ta yi ba. Haka ta yaye labulen falon ta faɗa ciki da takalmanta, mayafi ya zame ya koma kafaɗa, zufa na tsiyaya ta bayan kunnenta.

Hajiya Ummulkhairi na zaune bisa kujera da kofin shayin zogale a hannu. Matan da suka zo gaishe ta suka dubi juna, kowacce ta soma laluben jakarta.

"Inna Dije, lahiya? Ki zamna mana. Girmanki ya wuce haka."

"Ba ni zamnawa! Ranar da niz zamna gidanga ita ta ranar da kinka dubi ɗiyata kinka ce awa sillen kara take. Ke kin manta. Ni ban manta ba."

Ga yadda abin ya faro. Ihsan jikar Inna ce, marainiya, a hannunta ta tashi tun tana rarrafe. Da furar da Inna ke damawa a zauren gidansu na Ƙofar Marke aka raine ta, har ta yi karatu ta soma koyar da yara a islamiyyar unguwa. A can Junaid, ɗan Hajiya, ya gan ta. Ya so ta, ta so shi, manya suka shiga magana, aka sa rana bayan babbar salla.

Ba wanda ya ce uffan sai ranar da Inna ta ɗauki Ihsan suka je unguwar Gidan Dahala duba Malam Siddiƙu, mahaifin Junaid, da jikinsa ya motsa. Hajiya ta bi yarinya da ido daga sama har ƙasa, ta yi murmushin da bai kai ciki ba.

"Tubarkalla, ga kyau ga kunya. Sai dai babu jiki. Amaryar gidanmu ba ta shiga dangi haka, a ce ba a cin abinci gidansu."

Kwana biyu sai ga Junaid ɗauke da wata farar roba mai murfi cike da gari mai ruwan ƙasa. Saƙon Hajiya ne. Wai haɗin amarya, itatuwa zalla, dabino da aya da riɗi da hulba, daga hannun Sumayya 'yar ƙaninta, mai sayar da irin waɗannan haɗe-haɗe ta waya. A dama a fura safe da yamma.

Inna ta lasa. Ta ji wani ɗaci ya maƙale mata a ƙarshen harshe, ta so ta yi magana. To amma wa ke mayar da kayan surukai? A ce tun ba a ɗaura ba kun fara raina abin hannunsu? Ta ce wa ranta hulba ce, hulba dama da ɗaci. Ta rufe baki ta dama.

Da fari abin har daɗi. Ihsan ta ciko, kumatu suka fito, matan unguwa masu zuwa sayen fura suna ta tsiya, "Amarya, a raga muna!" Hajiya kuwa ba ta rabo da bugo waya. A ƙara mata, biki ya matso. Aka ƙara.

Sai fuska ta wuce cikowa ta koma kumburi, ta yi fai-fai kamar faranti. Wuya ya ɓace. Nankarwa ta tsattsaga mata cinya da hannuwa. Ga ƙishirwa, ta shanye randa ba ta ƙoshi ba, ga fitsari ba dare ba rana. In ta durƙusa salla sai ta dafa bango kafin ta miƙe.

Da aka je gwajin da ake yi kafin aure, likitar ko takarda ba ta gama dubawa ba ta tambayi abin da yarinyar ke sha. Aka kai garin aka auna. Ashe ƙwayoyi aka niƙa a ciki, irin waɗanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Sun tayar mata da ciwon suga, sun haɗa mata da hawan jini. Ko ya sauka ko ya zauna, likita ta ce Allah kaɗai Ya sani.

Jiya kuwa sai ga aike daga Gidan Dahala. An ɗaga biki, sai yarinya ta warke. Ba a faɗi wata rana ba. Inna ba jiya aka haife ta ba, ta san ɗagawar da ba ta da rana fasawa ce.

Shi ya kawo ta falon nan da hantsi.

Hajiya ta ajiye kofin. Da ta ga baƙin sun sulale, ita ma ta saki murya.

"Ki ji tsoron Allah, Inna Dije. Ni na san da ƙwaya ciki? Ɗiyata ta cikina ta sha shi lokacin bikinta, mi ya same ta? Kila ciwon na jininku."

"Jininmu? Uwata ta mutu da haƙoranta dut, tana tauna ƙuli-ƙuli! Gero munka ci, nono munka sha, zogale da rama munka kwaɗa. Ba mu san suga ba sai na cikin kwali. Ke kinka kawo muna shi cikin roba, da murhi!"

"To na ji. Amma ki dube ni." Hajiya ta nuna kanta. "Tun Junaid na ƙarami nike jinyar ubanshi da wanga ciwo. Tukunya biyu nike ɗorawa kullum, tashi daban, tamu daban. Acha, alkama, wake, ba gishiri ba zaƙi. In ƙaya ta soke shi ga ƙahwa ba ni kwana. Ni na san abin da ka ciki. Ba ni sa ɗana ya soma aure da jinya. Wallahi ba ni iyawa."

Maganar ta taɓa Inna, amma ba ta sauko ba.

"To ita Sumayya hwa? An kira ta? An tambaye ta mi tan niƙa ciki?"

Hajiya ta kau da kai. "Yarinya ta, ita ma saro shi take. Ba ni ɓata zumunci bisa abin da ya riga ya wuce."

"Ya wuce gare ki! Gare ni yana nan kwance ɗaki, ba ta iya sa zobenta!"

"Ƙaddara ta, Inna. A yi haƙuri."

"Ƙaddara mai murhi!"

Ta juya ta fita, labulen na rawa a bayanta.

Ko da ta iso gida ta tarar da Ihsan a tsakar gida bisa kujerar tsuguno, tana tsinke ganyen zogale cikin ƙwarya. Ta rufe fuska da gefen hijabi, ko da yake ba kowa a gidan sai kaji.

"Inna, ina kinka tahi?"

"Inda ya kamata."

"Na roƙe ki kada ki je."

"Kin ci abinci?"

Ihsan ta girgiza kai. Inna ta buɗe kwanon faten acha da ta bar mata, yana nan yadda yake, ya sandare. Can gefe ƙwaryar furar sayarwa ce, an lulluɓe da faifai, ƙamshin citta da kanumfari na tashi. Yarinyar da ta girma a kan furar nan yau ko ludayi ɗaya an hana ta. Inna ta ɗauke ƙwaryar ta kai zaure, don kada ƙamshin ya yi ta cin ran yarinya.

Abin da ya fi ƙona wa Inna rai shi ne wai ba a yanke ƙwayar kai tsaye. Likita ta ce in aka tsayar gaba ɗaya jiki zai iya faɗuwa, sai dai a riƙa ragewa sannu a hankali. Don haka kowace safiya da hannunta take ɓallo 'yar ƙwayar asibiti, 'yar'uwar wadda ta yi ɓarnar, ta miƙa wa jikarta da ruwa. Kullum sai ta yi tsaki kafin ta miƙa.

Bayan azahar aka yi sallama a zaure. Muryar Junaid ce.

Da can in ya zo Inna ce ke fara tarbarsa da wasan jika. "Angona ya iso! Ka bar wagga ramammiya, ga ni nan da jikina." Ya yi dariya ya ce sai ta rage masa sadaki. Yau ko amsa sallamar ba ta yi da ƙarfi ba. Ta jawo turmi kusa da ƙofar zaure ta zuba ƙuli-ƙuli, wai daka take.

Ihsan ta tsaya a bayan labule, ba ta fita ba.

"Ihsan, ki hito in gan ki."

"Ka ji ni daga nan, Ya Junaid."

"Don Allah. Rabon da in ga huskarki har na manta."

"Gara ka riƙe wadda ka sani. Wagga ba tawa ba ta."

Ya matso kusa da labulen.

"Ni na taɓa ce miki ki yi ƙiba? Ki hwaɗi gaskiya. Ranar da na hwara ganinki kina kora yara daga bakin titi, iska na neman ɗauke ki, haka nis so ki. Ban nemi ƙari ba."

"Ba ka nema ba. Amma da an ka ce ka kawo, ka kawo."

"Umma ta aike ni. In ce mata a'a?"

"Ban ce ka ce a'a ba. Ni ma da Inna tab ba ni ban ce a'a ba. Kullum in na sha sai zuciyata ta tashi, in toshe hanci in haɗiye, in ce don kai na. In na dubi madubi na ga kumatu sai in yi murna, in ce yau Umma za ta so ni." Kuka ya ƙwace mata. "Ashe kabarin aurena nike ginawa da ludayi."

"Ki daina wagga magana. Ba a hwasa ba, ɗagawa anka yi."

"Zuwa yaushe?"

Ya soma kame-kame.

"Ya Junaid, zuwa yaushe?"

"Sai kin samu sauƙi."

"In ban samu ba hwa? Likita ta ce mai yiwuwa shi zamna. In ya zamna, ka jira har yaushe? Har in tsuhwa bayan labule?"

"Ni na yarda in aure ki haka. Wallahi na yarda. Na iya auna suga, ni ka auna ma Baba. Na san abin da a ka ci da wanda ba a ci. Jiya na durƙusa gaban Umma har gwiwata ta yi ciwo."

"Mi tac ce?"

Taɓaryar Inna ta tsaya a sama.

"Ta ce..." Ya rage murya. "Ta ce in na ɗaura shi ba da yardarta ba, ba ta yahe min nonon da nis sha ba."

Ihsan ta jingina da bango ta sulale har ƙasa. Inna na ganin ƙafafunta, sun kumbura, silifas ya nutse a cikinsu.

"To shi ke nan," in ji Ihsan, muryarta can ƙasa. "Ba ni shiga tsakaninka da aljannarka. Ni ban san daɗin uwa ba, ba ni raba wani da tashi."

"Ihsan, kada ki yanke. Ki ba ni lokaci, zuciyar uwa ta, tana sauka."

"Akwai wadda anka ambata maka?"

"Wa yah hwaɗa miki?"

"Ba kowa. Muryarka ta hwaɗa min. Wa ta?"

Ya ce, "Magana ta kawai, ta manya. Ban amsa ba."

"Wa ta, Ya Junaid?"

"Sumayya."

Taɓarya ta faɗi, ƙuli-ƙuli ya watse, kaji suka rugo. Inna ta fizge labulen har ƙusarsa ta cire. Ihsan ta yi maza ta kife fuska a kan gwiwa, amma ya riga ya gani. Inna ta ga yadda idonsa ya yi, ta ga ya ɗan ja baya kafin ya kama kansa. Taku ɗaya ne, amma Ihsan ma ta gani ta gefen ido.

"Sumayya!" Inna ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Mai garin ita ta amarya! An kashe maciji an ba mai sara ladan hwarauta!"

"Inna, ki saurare ni..."

"Kada ka ce min Inna! Dube ta da kyau, ka ce kana son gani. Ga ta nan! Haka nib ba ku ita? Yarinyar da ka tashi da asuba ta share gidanga, ta surhwa gero, ta tahi makaranta da ƙahwa ta dawo tana waƙa? Kun ce ba ta cika ido, yanzu ta cika, kun ce ta yi yawa!"

Junaid ya durƙusa, hawaye na bin gemunsa. "Wallahi Inna ina son ta."

"So! So na ka ba ta magani da sahe? So na ka tashe ta in ta durƙusa? Ka je ka dama son naka ka sha!"

"Inna, ki bar shi," Ihsan ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ya Junaid, ka tahi. Na sawwaƙe maka alkawarin da ka yi min. Allah Ya ba ka mai lahiya."

"Ban karɓa ba, Ihsan."

"Ba sai ka karɓa ba. Ni dai na aje."

Ta dafa bango, ta yunƙura, ta kasa. Ya miƙa hannu zai taimaka, ya tuna ba muharramarsa ba ce, ya janye. Inna ce ta kama ta ta ɗaga, ta kai ta ɗaki ta kwantar. Yarinyar ta juya fuska ga bango. Ba ta ƙara kuka ba, kuma wannan shirun ya fi kukan tsorata Inna.

Ta tsaya a kanta tana kallon bayanta. Ta san auren nan ya mutu. Ko an ɗaura shi gobe, an ɗaura ne a kan bakin uwa, kuma gidan da uwar miji ta yi baki ba gidan zama ba ne. Ba aure za ta nema ba yanzu. Amma a ce abu ya faru haka, kowa ya karkaɗe rigarsa ya ce ƙaddara, a yi biki da mai garin, a yi guɗa, ita kuwa tata tana kwance tana kallon bango? A'a. Ba a gidan Dijatu ba.

Ta ɗaura mayafi a ƙugu ta yafa wani. A zaure ta iske Junaid bai tafi ba.

"Ubanka ya san mahwarin ciwon?"

"An ce mishi gwaji ya nuna suga. Ba a son a tada mishi hankali, saboda jikinshi."

"Ba a hwaɗa mishi garin ba?"

Junaid ya sunkuyar da kai.

"Madalla."

"Inna, ina za ki? Don girman Allah kada ki je wurin Baba, yanzu yana bisa karatu. Inna!"

Ta riga ta fita. A bakin titi ta tsayar da ɗan kabu-kabu ta haye bayan babur kamar mai shekara ashirin. Junaid ya bi su a baya da motarsa, yana ta danna ƙaho, ko waiwaye ba ta yi ba.

An idar da la'asar ke nan. Zauren Malam Siddiƙu cike yake da ɗalibai, manyan mutane masu furfura da 'yan kasuwa da ma'aikata, kowa da littafi a buɗe a gabansa. Malam na bisa buzu, siriri, ƙafarsa ɗaya naɗe da bandeji. Mace ba ta shiga zauren nan a irin wannan lokaci, ta ƙofar baya mata ke bi. Inna ta cire takalma a bakin ƙofa, ta yi sallama da ƙarfi, ta durƙusa daga dokin ƙofa.

Karatu ya tsaya.

"Allah gahwarta Malam, tambaya niz zo da ita. Ni ban yi karatu ba, ko alihi ban sani ba. An ce nan a ka kawo abin da ya shige ma mutane duhu."

Malam ya gyara tabarau. Bai gane ta ba, hasken waje na bayanta. "Bismillah, baiwar Allah."

"Mutum na ya nemi auren ɗiyar mutane, lahiyarta lau. Gidansu sunka aiko da abin sha, sunka ce sai ta sha. Ta sha don kunya da biyayya. Abin ya zame mata ciwo. Sai sunka ce ba su auren mai ciwo, za su auri wadda tah haɗa abin shan. Malam, wa ad da alhaki?"

Zauren ya ɗauki gunaguni. Wani dattijo ya ce subhanallahi.

"Wanga zalunci na bayyananne," in ji Malam. "Wanda duk yaj jawo cuta, shi ka ɗaukar..."

Sai ya tsaya. Ya hango ɗansa a bayanta, tsaye, hula a hannu, ido jawur. Ya sake duban matar.

"Inna Dije ta?" ya ce a hankali. "Mu shiga daga ciki, mu yi magana cikin sirri."

"Ciki nih hito da hantsi, an ce min ƙaddara ta. Ba ni komawa." Ta gyara durƙuso, ta dafa ƙasa da hannu biyu. "Ka hwara ba da amsa, Malam, ƙarasa ta. Gaban mutanen ga da ka koya ma tsoron Allah. Aiko a kira matarka, a kira ɗiyar ƙaninta, su zo su hwaɗi mi sunka ba marainiyata. Ba ni neman aure, ba ni neman sisin kowa. Ina son a nuna min mutum guda, mai suna, wanda za shi tsaya shi ce ni na yi. Ga ni zamne bakin ƙoharka. Wa za shi amsa min?"